Makafin Kilidiyon da Shanun Ardo Mahfuz

Shugaban wannan taro, Alhaji Abdulwasiu, wanda ya rufe shagonsa ranar ciniki ya zauna mana tun hantsi. Wakilan iyayenmu sarakuna. Malamanmu limamai da fastoci, waɗanda yau na gan su sun matsu a benci ɗaya, kuma bencin bai karye ba. Ardo Mahfuz da dattawan ruga da suka rako shi. Iyayena mata da ke zaune a hagu. Matasan Tungan Marke da suka cika bayan ɗaki suka ƙi zama ko da yake ga kujeru. Jama'ar Kontagora masu masaukinmu, da duk wanda ya hau mota ko babur daga Auna, daga Nasko, daga Bangi domin ya ji yadda za a ƙare: assalamu alaikum. Salamar Ubangiji ta sauka a kanmu baki ɗaya.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, domin sun san abin da suka ɗauko ba mai sauƙi ba ne. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya na wannan gari, waɗanda suka yi iyakar abin da hannun ɗan Adam zai iya a kan idon ɗana. Ina godiya ga matan da suka riƙa kai wa matata Fure kunu da tuwo a bakin gadon asibiti, Musulmi da Kirista, wasu ma ban san sunansu ba har yanzu. Kuma ina godiya ta musamman ga Ardo Mahfuz. Ya san irin kallon da za a yi masa a wannan ɗaki, ya san abin da ake faɗa a kansa a tasha, amma ya sa rawaninsa ya zo ya zauna a sahun gaba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Irmiya. Shekara talatin da uku ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, har alli ya cinye mini murya, na yi ritaya na koma ƙauyenmu Tungan Marke, tsakanin Auna da Nasko, na kama fartanya. Ni ne mahaifin Benjamin, wanda saboda idonsa muka taru. Shugaban taro ya ba ni minti goma. Waɗanda na koyar a cikinku, kuma na hango da yawa, sun san ban taɓa gama magana a kan lokaci ba. Ranka ya daɗe, yau ina roƙon a yi mini haƙuri, domin rashin gama magana a kan lokacin nan yana cikin abin da ya kawo mu nan.

Magana ta farko ita ce abin da ya faru, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, ko ya yi wa wani daɗi ko bai yi ba.

Tun zamanin kakanninmu akwai tsari tsakaninmu da mutanen ruga. Idan muka girbe dawa muka kwashe, gona ta zama ta shanu: su ci kara, su bar mana taki, kowa ya samu. Wanda kuma yake da sauran amfani a ƙasa, wake ko gyaɗa, sai ya kafa sanda a kowace kusurwar gonarsa, ya ɗaure mata ƙullin ciyawa a kai. Makiyayi ya hango ƙullin nan daga nesa, sai ya juya garkensa. Babu takarda, babu sa hannu. Ƙullin ciyawa ne kawai, kuma ya riƙe zaman lafiya tsakaninmu fiye da shekarun duk wanda ke ɗakin nan.

Bana mun girbe dawa, wakenmu kuma bai gama bushewa ba. Benjamin ya ce mini, "Baba, bari in je in kafa sanduna." Na ce masa, "Bar shi sai jibi, mu gama sussuka tukuna. Mutanen Ardo sun san gonarmu." Ni na faɗi haka, da bakina, a tsakar gidana. Abin da na manta shi ne, Ardo ya san gonarmu, amma ɗansa Nuru bai daɗe da dawowa daga mashekari ba, can inda ya yi kiwo nesa da gida, bai san wace gona ce ta wa ba. Ya ga kara a kwance, bai ga ƙulli ba, ya saki shanu. Benjamin ya iske su a tsakiyar waken da ya yi wa noma uku. Ran maza ya ɓaci, baki ya yi zafi, aka kai ga hannu. Benjamin ya ɗaga ƙota, Nuru ya ɗaga sanda, sandar ta riga. Idon hagu na ɗana ya tafi, kuma likita ya gaya mana ba zai dawo ba.

Kada wani ya ɗauka na zo nan ne in ce ban ji zafi ba. Na ji, kuma ina ji. Yaron nan shekararsa ashirin da shida, matarsa Joy tana da ciki na fari. Ranar da aka cire masa bandeji na fita waje na riƙe bango. Na yi fushin da ban san ina da irinsa ba. Amma dole in faɗi wannan ma: washegarin faɗan Ardo Mahfuz da kansa ya riƙo hannun Nuru ya miƙa shi ga hukuma. Yaron yana tsare, maganarsa tana gaban alƙali, kuma can ne wurinta.

Matasanmu suka ce wannan bai ishe su ba. Kwana biyar da suka wuce suka tare garken Ardo a mashaya, suka koro shanu sittin da uku, suka rufe su a harabar tsohon siton auduga da ke bayan gari. Suka kuma yi rantsuwa cewa ranar Litinin da safe, wato jibi, za su bi su ɗaya bayan ɗaya da adda su datse musu agarar ƙafar baya. Ba za su yanka ba, ba za su sayar ba. Bijimi ɗaya kawai za su bari da ƙafafunsa, ya ja sauran suna jan ciki har ruga, domin Ardo ya gani da idonsa. Wannan ita ce rantsuwar da ke rataye a kanmu, kuma ita ce ta sa aka kira wannan zama.

Magana ta biyu ita ce ta fi mini nauyi, domin a cikinta nawa laifin ya fito fili.

Da na ji rantsuwar nan sai na aika a kira mini Nazifi, shugaban matasanmu. Ga shi can tsaye a bakin taga da jar hula. Nazifi ɗalibina ne, kuma ba zan ɓoye ba, yana cikin masu kaifin kan da suka taɓa zama a ajina. Shi Musulmi ne, Benjamin Kirista, amma tun suna yara ba a ganin ɗaya ba tare da ɗaya ba. Shi ya goyo Benjamin a babur ya kawo shi Kontagora, jini yana zuba a bayan rigarsa. Saboda haka duk wanda zai ce wannan rigimar addini ce, ya nemi wani wurin faɗa. Nazifi ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Nazifi, wannan mugun tunani daga ina ya zo muku? A garinmu ban taɓa jin an yi wa dabba haka ba." Ya ɗago kai ya dube ni, babu raini a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Malam, ai kai ka koya mana. Ka manta sarkin Rum da fursunoninsa? Ka ce daga ranar ba su ƙara ɗaga kai ba."

Jama'a, nan take na gane. Na tuna ajin, na tuna shekarar, na tuna har wurin da yake zama. Bari in ba ku labarin kamar yadda na ba su, domin ku san abin da na zuba a kunnen 'ya'yanku.

Shekara dubu da 'yan kai da suka wuce, a can ƙasar Turai ta gabas, akwai dauloli biyu maƙwabta. Ɗaya ita ce daular Rumawa ta gabas, wadda Turawa ke kira Bizantin, babban birninta shi ne wanda yau muke kira Santambul. Ɗayar ita ce ƙasar Bulgeriya. Sarkin Rumawa sunansa Basil na biyu. Sarkin Bulgarawa sunansa Samuwel, wanda mu a bakinmu za mu ce Sama'ila. Kuma ku lura, dukansu biyu Kirista ne, irin sujadarsu ɗaya. Addini ɗaya bai hana su ba, kamar yadda bambancin addini bai raba Nazifi da Benjamin ba.

Basil yana saurayi ɗan shekara ashirin da takwas ya kai wa Bulgarawa yaƙi. A kan hanyarsa ta komawa suka yi masa kwanton ɓauna a wata mashiga tsakanin duwatsu, suka karkashe rundunarsa, shi kansa da ƙyar ya tsira da ransa. Bai manta ba. Ya riƙe abin a zuciya wata shekara ashirin da takwas, yana fita yaƙi yana dawowa, gari ya faɗa hannun wannan bana, baɗi ya koma hannun wancan, manoma kuwa na tsakiya suna shuka ba su san wa zai girbe ba.

A shekara ta dubu ɗaya da goma sha huɗu, a ƙarshen watan Yuli, suka haɗu a wani kwari mai suna Kilidiyon. Sama'ila ya toshe kwarin da katanga ta itace da ganuwa, ya zuba mayaƙansa a baya. Rumawa suka yi ta bugun katangar nan suna faɗuwa, ba ta motsa ba. Sai wani jarumin Basil ya ɗebi wani sashe na runduna ya zaga ta kan dutse, ta hanyar da ba wanda ya zaci soja zai bi, ya faɗo wa Bulgarawa ta baya. Gaba maƙiyi, baya maƙiyi. Rundunar ta watse. Sama'ila, wanda a lokacin tsoho ne, ɗansa ne ya ɗora shi a kan doki ya fitar da shi. Aka kama fursunoni, marubutan zamanin suka ce dubu goma sha biyar ne. Masana na yanzu suna jayayya a kan adadin, wasu sun ce an ƙara gishiri, amma ko rabin rabinsa ne, mutane ne masu uwa da uba.

Basil bai kashe su ba. Ya sa aka raba su ɗari ɗari. A kowace ɗari aka makantar da casa'in da tara, ido biyu duka. Na ɗarin aka bar masa ido ɗaya, domin ya ja 'yan'uwansa zuwa gida. Haka suka kama hanya, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, suna tuntuɓe a kan duwatsu, har suka isa inda sarkinsu yake a farkon watan Oktoba. Sama'ila ya fito ya ga rundunarsa. Ya yanke jiki ya faɗi. Da ya farfaɗo ya nemi ruwan sanyi, ya sha, bayan kwana biyu ya mutu.

Nan nake tsayawa kowace shekara. Kuma ku ji yadda nake ba da shi, domin nan ne abin kunyar. Ina ba da shi ne da annashuwa. Ina rufe ido ɗaya da tafin hannu, in sa yara su jeru su dafa kafaɗar juna su zaga aji, ana dariya, 'yan mata suna ihu. Darasin da ba a yin barci a cikinsa ke nan, ni kuwa ina son a ce Malam Irmiya ya iya koyarwa. Kafin in kai ga abin da ya biyo baya sai a kaɗa ƙararrawa, in ce, "To, daga nan Bulgarawa ba su ƙara ɗaga kai ba," in tattara littattafaina in fita. Mako na gaba kuma sai mu shiga wani babi, domin jarrabawa tana tafe. Shekara talatin da uku ina yin haka. Na ba yara rabin labari, rabin da ya fi daɗin ji, kuma jimlar da nake rufewa da ita ba gaskiya ba ce. Nazifi bai yi mini ƙarya ba, ni na yi masa.

Saboda haka magana ta uku ita ce sauran darasin. Nazifi, da kai da duk wanda ya taɓa zama a ajina, ku saurara, yau zan ƙarasa.

Bulgarawa sun ɗaga kai. Makantar da mutanen nan bai kawo ƙarshen yaƙin ba. Sun ci gaba da faɗa shekara huɗu cur bayan Kilidiyon, kuma yanzu kowane sojansu ya san abin da ke jiransa idan ya miƙa wuya, don haka ya gwammace ya mutu da takobi a hannu. Da ƙasar ta faɗi a ƙarshe, Basil da kansa ya sauya hali. Ya karɓi manyansu da girmamawa, ya ba su muƙamai, ya bar musu ikilisiyarsu, ya bar talaka ya ba da harajinsa da hatsi kamar yadda ya saba. Wannan sassaucin ne ya kwantar da ƙasar muddin ransa. Mutumin da ya ƙwaƙule idanu ya gano da kansa cewa ba da wannan ake zama da maƙwabci ba, amma bai gano ba sai da aikin ya riga ya auku.

Kuma abin bai mutu da shi ba. Shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa Bulgarawa suka yi tawaye. Aka murƙushe su, bayan wasu shekaru suka sake. Daga baya suka ƙwace ƙasarsu gaba ɗaya. Rumawa sun yi wa Basil laƙabi, suna kiransa Makashin Bulgarawa, suna alfahari da sunan. To, kusan shekara ɗari biyu bayan Kilidiyon wani sarkin Bulgeriya mai suna Kaloyan ya shiga ƙasar Rumawa yana rushe garuruwa yana kwashe mutane, ya kuma sa wa kansa suna Makashin Rumawa, don ramuwa. Mutanen da ya kashe ba su taɓa ganin Basil ba. Kakanninsu ma ba su gan shi ba. Manoma ne da masu saƙa da mata masu goyo, aka zo aka karɓi fansar abin da aka yi tun ba a haifi kakan kakansu ba.

Akwai kuma abin da littafi bai rubuta ba, wannan tunanina ne, ku ɗauke shi a haka. Makafin nan da suka isa gida, ina suka shiga? Kowannensu ya shiga wani gida. Kowannensu ya zauna a bakin wata ƙofa shekara ashirin, shekara talatin, ana ba shi abinci a hannu. Kowane yaro da ya tashi a gidan ya tambaya, "Me ya sami idon Baba?" kuma an gaya masa. Wanda aka kashe a yaƙi ana binne shi, a yi kuka, a share hawaye. Wanda aka nakasa aka mayar gida kullum yana nan, kullum ana ganinsa, kullum ana tuna wanda ya yi. Basil ya zaci tsoro ya aika musu, ashe ya sa wa kowane gida mai tunatarwa ne.

Yanzu ku dawo da ni Tungan Marke. Ranar Litinin, idan kuka yi abin da kuka rantse, me zai isa rugar Ardo? Saniyar da aka datse wa agara ba ta ƙara tsayawa. Ardo ne zai ɗauki wuƙa da hannunsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanka, shanun da ya gada daga mahaifinsa, waɗanda ya san kowacce da sunanta da sunan uwarta. Jikokinsa za su tsaya suna kallo. Kuna tsammani za su manta? Kuna tsammani labarin zai tsaya a rugarsa, ba zai kai Bangi ba, ba zai ƙetare kogi ba, ba zai shiga kunnen waɗanda ba su san Ardo ba, ba su san Benjamin ba, su dai suna neman dalili ne? Dukanmu mun san abin da ke yawo a dazukan ƙasar nan. Dukanmu mun san garuruwan da aka bari babu kowa, kuma da yawansu daga abin da bai kai wannan ba suka fara. Gonakinmu ba su da katanga. Rumbunanmu na kara ne. Matanmu suna tafiya rafi su kaɗai. Kuna so ku yi abin da zai sa baɗi mu riƙa noma da fartanya a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan bindiga?

Ku ma dattawan ruga ina da magana da ku, kada ku ga na juya ga 'ya'yana ku ɗauka kun fita. Yaron da ya dawo daga tafiya a zagaya da shi a nuna masa gonaki kafin a ba shi garke. Sanda ta kiwo ce, ku gaya wa samarinku ba a ɗaga ta sama da kafaɗa a kan mutum. Kuma idan alƙali ya yanke hukunci a kan Nuru, ku karɓa, kada a bi ta bayan fage. Ni ban yafe shari'a ba. Hakkin ɗana yana nan, kuma zan bi shi ta ƙofar da doka ta buɗe.

Jiya da hantsi na tafi rugar Ardo. Fure ta ce kada in je, na ce sai na je. Ban tarar da maza da yawa ba. Na tarar da Sakinatu, uwargidan Ardo, mahaifiyar Nuru. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta tambayi jikin Benjamin tana kallon ƙasa. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dai ce, "Malam, zo ka gani." Ta kai ni bayan bukkoki inda dangwali yake, igiyar da ake ɗaure maruƙa. Matasanmu da suka koro garke daga mashaya, iyayen suka koro, 'ya'yan suna gida a ɗaure. Maruƙa goma sha tara ne. Ranar kwana huɗu ke nan ba su sha nono ba. Mata suna dama musu gari da ruwa suna ɗura musu da ludayi, ƙananan ba sa karɓa. Biyu sun riga sun mutu. Sauran ba sa ma iya kuka sosai, sai su buɗe baki kawai. Sakinatu ta ce mini waɗanda ba su kai wata biyu ba ba za su ga Litinin ba. A can sito kuma, duk wanda gidansa ke kusa ya san ba a barci, iyayen suna kuka, hantsarsu ta kumbura. Wato tun kafin ku ɗaga adda, aikin ya fara.

Da na dawo na zauna kusa da Benjamin na gaya masa abin da na gani. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce in isar da saƙo, kuma ya sa na maimaita masa har sau biyu don kada in ƙara ko in rage. Ya ce: "Ka gaya wa Nazifi na san don ni yake yi, kuma ba ni da abokin da ya fi shi. Amma ido ɗaya na rasa, kuma zan iya rayuwa da ɗaya. In suka sare shanun nan, duk kasuwar da na shiga za a nuna ni a ce ga wanda aka yi abin saboda shi. Ɗan da Joy za ta haifa da wannan sunan zai tashi. Ka ce masa kada ya ɗora mini wannan, ba zan iya ɗauka ba."

Wannan shi ne saƙon, na kuma isar.

Ya Ubangiji Allah, mai jin kukan mutum da na dabba, ka sanyaya zukatan da suka yi zafi a wannan ɗaki. Ka ba Benjamin lafiya da haƙuri, ka sauki matarsa lafiya. Ka shiryi Nuru, ka ba alƙalinsa adalci. Ka tsare gona, ka tsare ruga, ka tsare hanyar da ke tsakaninsu. Ka gafarta wa malamin da ya fi son a yaba masa a kan ya faɗi gaskiya duka. Ka saka wa shugaban taro da duk wanda ya taka ƙafa ya zo, ka mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Nazifi, ɗana. Na san mabuɗin kwaɗon sito yana aljihunka. Na san ka yi rantsuwa a gaban abokanka, kuma kana jin kunyar a ce ka janye. Ga limamai nan, za su gaya maka yadda ake warware rantsuwar da ba ta alheri ba. Kunyar kuwa ka bar mini ita, tawa ce, na ɗauka a gaban jama'a. Motar Auna tana tashi ƙarfe biyu. In mun same ta, shanun nan za su isa ruga kafin rana ta faɗi, maruƙa goma sha bakwai su sha nono yau. Zan sauko daga nan in tako har inda kake tsaye, in miƙa maka hannuna, kuma ba zan janye shi ba.

Na gode.